Goggo Mai Kitso da Mutanen Bakin Tafki

Wanda Ya ba mu aron Goggo Ya karɓi abinSa, mu ma can muka dosa. Na faɗi haka da bakina ba adadi tun ranar da aka fita da ita daga gidanmu, amma har yau in na tuna yadda abin ya faru sai ya dawo mini sabo. Ina rubuta wannan ne don ina tsoron nan gaba a riƙa shan ruwa a unguwarmu ba a san wadda ta jawo shi ba.

Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta taɓa haihuwa ba. Mijinta ya rasu a ramin kuza can wajen Bukuru tun ina goye, sai ta dawo gidanmu a nan cikin Jos, aka ba ta ɗakin da ke jikin soro. Baba shi ne mai unguwa. Ita kuwa kitso ne sana'arta, gida-gida take bi, shi ya sa babba da yaro ba wanda ya san ta da wani suna in ba Goggo mai kitso ba.

Ranar zaman makoki tsakar gidanmu ta kasa ɗaukar mata. Wata tsohuwa daga layin mahauta ta zame ɗankwalinta a gaban kowa, ta nuna kitson zanen yawon da ke kanta, wanda har ya fara tashi, ta ce, “Wannan ne na ƙarshe da ta yi mini. Wallahi ba mai tsefe shi, sai dai ya kwance da kansa.” Mama Nas, Bayarabiyar da ke aiki a asibitin haihuwa, Kirista ce, ta shigo da farin kayan aikinta, ta tuɓe takalmi ta zube a tabarma tana kuka da ƙarfi irin na mutanensu. “Goggo ya tafi,” take ta cewa. “Wa zai zage ni yanzu? Wa zai ce mini mai allurar banza?” Mata na hawaye suna dariya.

Sarkin 'yan garuwa kuwa da aiki ya yi tasa gaisuwar. Shi da yaransa suka cika duk randunan gidan da ruwan famfon kasuwa, suka fita.

Akwai kuma waɗansu mata da suka tsaya a ƙofar gida suka ƙi shigowa, sun rakuɓe a jikin katanga, ruwa na yayyafi a kansu. Matan bakin tafki ne. Gidan mai unguwa ba wurin da suka saba takawa ba ne. Sai da Innata ta fita da kanta ta kamo hannun ta gaban, sannan suka biyo ta. A cikinsu akwai wata matashiyar bazawara da ta ƙi yarda mu haɗa ido. Ni ma ban iya kallonta ba. Zan zo kan dalili.

Baba yana zaure yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe, har wani tsoho abokin wasansu ya ce, “Ranka ya daɗe, yau dai ka huta. Ba sauran mai kiran ka Auta a gaban jama'a.” An ce mini Baba ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, ya daɗe bai buɗe ba.

Goggo ba mai laushin hannu ba ce. In ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta, kin shiga hannu. Kika motsa ta ƙwanƙwasa miki mataji, kika yi kuka ta ce, “Yi da kyau, hawaye na sa kitso ya kwanta.” Ba ta son a kawo mata gulma tana aiki, amma ba abin da ke wuce kunnenta. Goro ɗaya take rabawa ya kai ta yamma. Sanyin garin nan kuwa ta yi shekaru tana faɗa da shi kamar wani maƙwabci, ko da rana tsaka da tsohuwar rigar sanyin mijinta take yawo a ƙarƙashin mayafi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kitso rabin aikinta ne. Ɗaya rabin duba kai ne. Takan ce, “Ku kuna tambayar baki, baki ya ce lafiya lau. Ni gashi nake tambaya.” In ta ga gashin yarinya ya yi ja ya yi laushi yana biyo mataji, ta san tukunyar gidan nan ba ta ganin wake ko nama. Washegari sai ga ta da ƙullin ƙuli-ƙuli ko ƙwaryar nono, tana mita tun daga soro: “Bafilatanar nan ta cuce ni, ta ɗora mini abin da ya fi ƙarfina. Ku taimake ni kafin ya lalace.” Sai matar gida ta karɓa tana ganin ita ce ta yi alheri.

Da na gama sakandare na dawo gida ina jiran a kira ni aikin koyarwa, Goggo ta ce ba za ta zuba ido in ruɓe a ɗaki ba. Ta ɗora mini kwandon kayanta, man kaɗanya da tsinke da mataji, na zama 'yar rakiya. Ta haka na fara sauka bakin tafki.

Ga wanda bai san unguwarmu ba: daga bayan layi na ƙarshe ƙasa takan gangara, a ƙarshen gangaren akwai tsohon ramin kuza da aka bari, ruwan sama ya cika shi ya zama tafki, ruwansa kore-kore. Da aka rage leburori a ma'adinai, waɗanda ba su da abin komawa garinsu suka kakkafa bukkoki a wurin, da zana da tsohon kwano. Matan da ramuka suka cinye mazajensu suka biyo baya. Ba su da takardar izinin gini. Baba ya sani, ya kau da kai don tausayi. A wajen hukuma kuwa fili ne kawai, ba kowa. Saboda haka tsoron dubagari ya fi musu tsoron ciwo. In yaro ya kwanta sai a ɓoye shi, kada a zo dubawa a ga bukka a rushe.

Daminar bara yara suka yi ta mutuwa da zazzaɓi da gudawa. Wata Alhamis da la'asar Mama Nas ta zo kitso gidanmu, Iya mai wankan gawar unguwa tana zaune tana jiran layi, Sarkin garuwa kuma ya shigo juye ruwa. Gardama ta kaure. Goggo ta dage iskokin tafki ne, don an haƙa musu gida ba a nemi izininsu ba.

“Iska, iska!” in ji Mama Nas, kanta na tsakanin gwiwoyin Goggo. “Kullum iska. Ruwa ne, Goggo. Ruwa mara kyau.”

“Rufe mini baki, mai allurar banza. Kin taɓa sauka can?”

“Ban sauka ba. Amma na san daga ina uwaye suke kawo mini yara, in sun yarda sun kawo.”

“Ni kuma na san inda nake zuwa wanka,” in ji Iya a hankali.

Goggo ta saki kan da take kitsawa, rabi a kitse rabi a tsefe. Ta je murhu ta ɗebo toka a kasko, ta durƙusa a tsakar gida ta fara zuba ta siriri-siriri. Ga layin masallaci, ga layin mahauta, ga na teloli, ga gangare, ga tafki, ta kewaya shi kamar faifai. Ta miƙa wa Mama Nas tafin wake ta ce ta ajiye ƙwaya ɗaya a duk layin da ta san akwai yaro kwance. Ta ba Iya tsakuwa, ta ce kowace ɗaya yaro ne da ta wanke a daminar. Sarkin garuwa yana shirin fita ta tsayar da shi.

“Kai ma zo nan, mai wuyan raƙumi. Ga gawayi. Sa mini a duk layin da yaranka ke kai ruwan famfo.”

Ya sa a layin masallaci, ya sa a na mahauta da na teloli. Da ya zo gangare sai ya tsaya. “Can ba ma zuwa, Goggo. Ba mai iya saye. Kuma wa zai sauka da garwa biyu a santsin nan?”

Ita ma Goggo ta ƙara nata waken, na yaran da aka ɓoye waɗanda ba su taɓa isa asibiti ba. Muka ja da baya muka duba. A sama gawayi ko'ina, wake jefi-jefi. A ƙasa ko gawayi ɗaya babu, wake da tsakuwa sun taru har suna hawa kan juna. Kowannensu ya daɗe da sanin nasa guntun, amma ba wanda ya taɓa ganin abin a haɗe. Iya ta sa bakin zane tana share ido.

Goggo ta daɗe tana kallo. Can ta ce, “To. Ashe iskar nan a tulu take shiga gida.” Ta juya wajen Mama Nas. “Kada ki kuskura ki ce kin kayar da ni. Zo in ƙarasa miki kan nan, kin yi kama da kazar da ruwa ya doka.”

Daga ranar zaman Alhamis ya kafu. A zuba toka, kowa ya kawo abin da ya gani a makon, a duba, a yi shawara. Daga nan ne Mama Nas ta roƙi manyanta aka mayar da awon jarirai na wata-wata gindin mangwaron da ke saman gangare, inda matan ƙasa za su iya zuwa ba su ratsa unguwa ba. Da masu lamba, 'yan rigakafi, suka zo, zaman ne ya nuna musu ta layin da za su fara. Doka ɗaya Goggo ta kafa: ba a kiran sunan gida. Layi kawai. Ana gamawa ta sa tsintsiya ta share, ta tsince wakenta ta wanke.

Na taɓa ce mata, “Goggo, bari in kwafe a takarda mana. Hukuma takarda take ji.”

Ta ce, “Uwata, matan nan kansu suka ba ni, ba su ba hukuma ba. Takarda ba ta san mai karanta ta ba. Yau mai tausayi, gobe mai guduma.”

Sai labari ya zo cewa za a ja bututu zuwa unguwarmu, a kafa famfo. Guda ɗaya tak, kuma mai unguwa ne zai nuna wuri. Baba da dattawa suka tsayar da ƙofar masallaci. Ba son kai ba ne, in faɗi gaskiya. Wurin tsakiya ne, tsofaffi na wahala da ruwan alwala, kuma kowa ya yarda. Kowa ban da Goggo.

Ta same shi yana karin kumallo. “Auta.”

“Yaya, don Allah. Akwai mutane a zaure.”

“Su ji. Na goya ka ka yi mini fitsari a baya, rawani ba zai hana ni kiran ka ba. Ƙofar masallaci akwai gawayi. Na ce ka zo ka gani da idonka ranar Alhamis, ka ƙi.”

“Ni ba na shiga wasan toka na mata.”

“Wasa ne? Tambayi Iya yara nawa ta wanke.”

Baba ya ajiye ludayi, ya rage murya. “Yaya, kina ganin ban sani ba? In na ce a kai famfo gangare, za a ce don wa? In na ce don mutane, a ce waɗanne mutane, wa ya ba su wuri? Ranar za a turo a rushe bukkokin, ni kuma a kwance mini rawani. Shiruna ne ya rufa musu asiri har yau.”

“Shirunka ya rufa musu asiri, ya kuma rufe musu 'ya'ya da ƙasa.”

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Ya tashi ya bar kokonsa. Daga ranar suka daina magana kai tsaye. Suna zaune a tsakar gida ɗaya Goggo za ta ce, “Gaya wa ubanki rigarsa ta yage a hammata, ya kawo in ɗinke.” Baba ya ce, “Gaya wa goggonki na gode.” Ni ce a tsakiya kamar ɗan aike. Amma abin da Baba ya faɗa ya tsaya mata a rai, na sani, don na sha jin tana magana ita kaɗai: “In an ƙirga su a rushe su. In ba a ƙirga su ba, babu su.” Ba ta samo mafita ba. Ba zan ce ta samo ba.

Yanzu na zo inda nake gudu.

Bazawarar nan da na ambata ta fita takaba, aka aiko Goggo ta je ta yi mata kitson fita. Da hantsi muka sauka, an yi ruwa da safe, muna dafa duwatsu don santsi. Matar ta share ɗakinta tas, ta shimfiɗa mana tabarmar da ta fi kyau. Sannan ta yi abin da kowace mace mai mutunci ke yi wa baƙo. Ta ɗauko kwanon sha mai murfi, da gani na ajiya ne, ta ɗebo ruwa a tulu, ta durƙusa ta miƙa wa Goggo. Goggo ta yi bismilla ta sha. Kullum takan sha. Matar ta sake cikawa ta juyo wajena.

Na karɓa. Na duba ciki. Ta tace shi da tsumma, ta yi iya ƙoƙarinta, amma koren yana nan, da ɗan warin nan na tafki. Wake da tsakuwar nan suka faɗo mini a rai. Hannuna ya ƙi ɗagawa, ya kuma ƙi ajiyewa. Maƙwabta sun taru a ƙofa suna kallon 'yar mai unguwa, 'yar makaranta, da ta shigo bukka. In na ajiye kwanon nan ban sha ba, na san abin da na faɗa musu ba da baki ba. Matar tana durƙushe, murmushinta ya fara dusashewa.

Sai na ji an fizge kwanon. “Kawo nan,” in ji Goggo. “Wannan 'yar boko me ta sani game da ƙishi? Kwando kawai ta ɗauko. Ni da na sauko da tsofaffin gwiwoyi ba a ƙara mini ba, sai ita?” Ta kafa kai ta shanye tas, ta yi gyatsa, ta ce, “Alhamdu lillahi. Juyo da kan nan, amarya.” Aka fashe da dariya. Kafin a gama kitson, mata uku sun gaya mata yaran da ke kwance a ɗakunansu.

A hanyar hawowa na kasa daurewa. “Goggo, kin fa san abin da ke cikin ruwan nan. Ke kika zuba tokar.”

Ta tsaya tana haki. “Na sani.”

“To don me?”

“Ranar da na ƙi ruwansu, ranar na zama dubagari. In tambayi yara, a ce lafiya lau.” Ta dafa kafaɗata ta ci gaba da hawa. “Cikina tsoho ne, ya ga abin da ya fi wannan. Naki ko fara aiki bai yi ba.”

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama ta. Ta ce sanyin garin nan ne ya samu sa'arta. Ta ƙi asibiti har sai da Mama Nas ta zo ta yi mata tsawa, amma lokacin jiki ya riga ya tafi, aka dawo da ita gida. Mama Nas ta riƙe ni ta rantse mini da Allah cewa ba mahalukin da zai iya cewa ga kwanon da ya jawo, don Goggo ta sha ruwan nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na yarda da ita. Amma ni na ga kwanon da aka miƙo mini, na kuma ga inda ya tafi. Har yau in na buɗe randa sai na tsaya ina leƙe. In kaina ya ɗan sara sai zuciyata ta yanke. Innata tana cewa zai wuce.

A kwanakinta na ƙarshe Baba ya bar zaure ya dawo bakin ƙofarta, yana zaune a ƙasa a kan buzu. Wata rana da azahar ta buɗe ido ta gan shi. Ba ta ce in gaya masa ba, da kanta ta yi magana.

“Auta, ka rame. Ba sa ba ka abinci ne?”

“Ina ci, Yaya.”

“Ƙarya kake yi. Matso in ga kanka.”

Ya cire hula ya sunkuya, mai unguwa guda, ta shafa furfurarsa. Na zaci za ta tayar da maganar famfo. Ba ta tayar ba. Washegari kafin la'asar ta cika.

Bayan sadakar bakwai aka aiko cewa dubagari zai zo da malamin ruwa, ma'aikacin ofishin famfo, a tsayar da wurin famfon. Mama Nas da Iya da Sarkin garuwa suka same ni. Suka ce ba wanda ya san yadda Goggo ke zuba layukan kamar ni. Na ce ba zan iya ba, ni ban taɓa tsayawa a zaure cikin maza ba. Iya ta ce, “Mu ma tsoro muke ji, 'yar nan. Ɗauko kaskon.” Na nemi izinin Baba. Ya dube ni, bai dai hana ni ba.

Zaure ya cika da dattawa. Na durƙusa ina zuba toka, garin sauri layin teloli ya shige na mahauta, Sarkin garuwa ya gyara da yatsa yana cewa, “Telolin nan dama sun daɗe suna son nama.” Wani ya yi dariya, na samu na ja numfashi. Aka sa gawayi, aka sa wake, aka sa tsakuwa. Na ƙara waken Goggo, na yaran da aka gaya mata ranar kitso.

Dubagarin nan da ake gudu, ashe mutum ne mai natsuwa. Ya naɗe wandonsa ya tsuguna. Ya fito da ashana ya ce shi ma yana da nasa, ya ajiye tsinke a duk inda ya san rijiya ta ƙafe ko ya hana shan ta. Tsinkayen suka jeru a bakin gangare. Ya nuna wa malamin ruwa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗago.

“Na yarda da abin da na gani. Da wannan a hannuna tun bara, da aikina ya zo da sauƙi. Amma ba a jan bututu zuwa inda ba kowa, kuma a wajenmu nan fili ne. Sai na rubuta akwai mutane. In na rubuta, za a tambaye ni su wane ne, da izinin wa suka zauna.” Ya juyo gare ni. “Malama, an ce ke kike bin marigayiya. Kin san gidajen. Faɗa mini sunayen masu su.”

Na san su. Na san har launin asabarin kowace ƙofa.

“Ban zo da suna ba,” na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

“Ba cutar da su zan yi ba.”

“Na sani, Malam. Amma ba ni aka ba ba. Ita aka ba, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba.”

Dubagari ya fara rufe alƙalaminsa. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce to ai shi ke nan, a koma maganar ƙofar masallaci. Baba kuwa ranar ce ya fara ganin tokar, kuma idonsa na kan tsakuwoyin nan tun da Iya ta ajiye su.

“Malam, ƙyale yarinyar,” in ji Baba. “Mutanen nan talakawana ne. Ni na ga sun kafa bukka na bar su, ba wanda ya zauna ba da sanina ba. In suna takardarka ke nema, sa nawa. Nasu ba ya shiga.”

“Ranka ya daɗe, ka san abin da zai iya biyo baya?”

“Na sani tun kafin a haife ka.”

“To alwalar fa?” in ji dattijon.

“Da buta muka tashi, da buta za mu ƙarasa,” in ji Baba. “Rubuta, Malam. Ka rubuta kuma ina roƙon a bar su inda suke, a wuyana.”

Ya rubuta. Da suka fita na ɗauko tsintsiya na share zauren.

An kira Baba ofis sau biyu tun daga nan. Ba a kwance masa rawani ba, ba a kuma ce ya tsira ba, maganar tana sama. Ba ya kawo ta a gida. Bukkokin suna nan tsaye.

Shekaranjiya da safe leburori suka iso da diga da shebur suka nufi gangare. Baba ya leƙo ya ce, “Maza sauka. Ba wanda ya gaya musu.” Na zari mayafi na ruga, ni kaɗai, karo na farko ba Goggo a gabana. Na tarar da abin da ya hango. Mata sun ga maza da diga, sun ƙulle kayansu a zannuwa, an goya yara, wata har ta fara cire kwanon rufinta da hannu. Bazawarar tana tsaye a ƙofarta da ƙunshi a ka. Ta gan ni ta sunkuyar da ido, ta ce, “Mun ji. Ai mu muka jawo, ruwanmu ne ya kashe ta. Ki ce su ba mu zuwa yamma.”

Na kama hannunta. Ina haki, da ƙyar maganar ta fito. “Ba rushewa aka zo yi ba. Ramin bututu ne. Famfon nan za a kafa, a gindin mangwaro.”

Ta dube ni, ta dubi masu digar. “Famfo? Na sha?”

“Na sha.”

“Mu ma za mu ɗiba?”

“Don ku aka kawo shi. Goggo ce ta nema.”

Sai ta sauke ƙunshin a hankali, ta kwance, ta zaro asabarinta ta mayar da shi a ƙofa.

Ya Allah, baiwarKa ta zo maKa da ƙishin wasu a wuyanta. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka shayar da ita daga Alkausara, ruwan da ba sai ta tace ba.